Wai tarihin duniya na Turawa ne kawai, ko ya ratsa ta gidajenmu?

Ɗan Fagge:
Salam 'yan uwa. Ina da magana kuma na san za ta jawo musu amma bari in faɗa. Yadda ake koya mana tarihin duniya a makaranta wlh kamar biki ne ake yi a gidan maƙwabta mu muna leƙe ta katanga. Hitila yayi kaza, Cocil yace kaza, Amurka ta jefa bam a Hiroshima 1945, shikenan a rufe littafi a shiga jarrabawa. Alhali babu wani babban abu da ya faru a duniya cikin shekara ɗari da ashirin ɗin nan da bai shigo Kano ba, har ɗakin tsohuwa yake shiga. Ni a ganina in kana son gane ƙarnin da ya wuce ka tambayi dattawan unguwarku me suka noma, nawa aka saya, waye ya tafi bai dawo ba. Wa ya yarda wa bai yarda ba?

Injiniya:
Wa'alaikumussalam. Ni dai ban yarda ba gsky. Labarin kaka daban tarihi daban. Tsohuwa za ta ce maka shekarar da aka yi yunwa, ka tambaye ta wace shekara ce tace lokacin tana goyon wane. Da wannan za ka rubuta tarihi? Kuma talaka ai ba shi ke juya duniya ba, juya shi ake yi. Masu bindiga da masu kuɗi su ke yanke magana a Landan da Washintan, mu sai dai mu ji a jikinmu.

Malam Na Gwale:
Injiniya ka yi sauri. Wannan lissafin na tsofaffi da kake rainawa ya fi yadda kake zato daidai. In tsoho yace an haife shi shekarar Kakalaba to 1913 zuwa 1914 kenan, yunwar da ta biyo bayan ƙarancin ruwa ta yi ɓarna a ƙasar Kano da kewaye. In yace 'Yar Buhu, 1927. 'Yar Gusau wajen 1942, tsakiyar yaƙin duniya na biyu. In kuwa yace shekarar Marisuwa to 1918 ce, murar nan da ta zagaye duniya a ƙarshen yaƙin farko ta kashe miliyoyin mutane, jirgin ruwa ne ya sauke ta a Legas watan Satumba daga nan ta biyo layin dogo ta iso mana. Matar da bata taɓa jin sunan Faransa ba, cutar da ta kwantar da sojoji a can ita ce ta ɗauke mata miji a cikin birni. In ka haɗa maganarta da takardun Razdan sai ka ga sun hau juna.

Batun kuma wai talaka juya shi kawai ake yi, ɗauki gyaɗa. Da Turawa suka jawo layin dogo har Kano a 1911 auduga suke so, saboda masaƙun Ingila. Har iri suka raba, suka kafa injinan gurza. Manoman Kano suka yi nasu lissafin, suka ga gyaɗa ta fi tsoka, bata cinye ƙasa, kuma in kasuwa ta ƙi ka ci abarka ko mata su yi mai da ƙuli, auduga kuwa ba a tuwo da ita. A 1912 gyaɗar da aka fitar daga Najeriya bata kai tan 3,000 ba, a 1913 ta haura tan 19,000, har tashar jirgi ta rasa inda za ta zuba buhuna. Babu gwamnan da ya ba da wannan umarnin. Manoma ne da fataken goro irin su Alhassan Ɗantata, waɗanda dama sun san harkar ba da bashi da tura yara ƙauye tun zamanin zuwa Gwanja.

Injiniya:
Malam ranka ya daɗe na ji, amma waye ya sa wa gyaɗar kuɗi tun farko? Ba Turai ce ta gano yadda ake daskarar da man gyaɗa a yi bota mai araha wa leburorinsu ba? Da basu nema ba wa zai noma? Kuma haraji fa? An ce sai da kuɗin Bature za ka biya, wuri ya daina aiki, dole ka noma abin da kamfani zai saya. Ni wannan ban kira shi zaɓi ba.

Malam Na Gwale:
Haraji gaskiyarka ne, ban musa ba. Shi ya sa da kasuwar duniya ta faɗi a 1929 aka sha wuya a nan, kuɗin gyaɗa ya zube amma haraji da jangali basu sauka yadda ya kamata ba, dagaci kuma dole ya cika lissafi ya kai wa hakimi. Mutane suka sayar da akuya da hatsin ci, wasu suka bar gari cikin dare. Wato kasuwar hannun jari ta rushe a Niyok, mutumin Bichi ya kwana da yunwa. Amma duk da haka tsakanin auduga da gyaɗa shi ya zaɓa, kuma zaɓinsa ne ya yi dalar gyaɗar nan da muke alfahari da ita a hoto.

Jikan Soja:
Ni bari in shigo ta ɓangaren yaƙi tunda abin a gidanmu yake. Kakana na wajen uba ɗan mazan jiya ne, yayi Burma. Muna yara mun ɗauka Burma wani gari ne bayan Maiduguri wlh hhh. Shi ba wai son soja yake ba, an zo ne aka ce kowane dagaci ya kawo matasa, shi kuma ba shi da wanda zai tsaya masa. Aka kai su Zariya horo, daga nan Legas, aka zuba su a jirgin ruwa makonni basu ga ƙasa ba sai Bombay. Abin da ya fi ba mu labari ba harbi bane, ruwa ne da dako. Yace ruwan sama na can baya ɗaukewa, ga matsattsaku a ƙafa, ga dutse ga daji, mota bata shiga sai dai a ɗora kaya a ka, abinci kuma jirgin sama ke jefo musu. Har ya rasu baya son shinkafa, yace ya ci ta isa. Kuma in aka buga abu da ƙarfi cikin dare sai ya zabura, mu muna dariya lokacin bamu san ciwo bane. Allah ya jiƙansa.

Hajiya Maman Biyu:
Allah sarki, Allah ya jiƙan maza. Mu ma a layinmu akwai wani tsoho da ake ce yayi Burma, yana gadi, kullum da tsohuwar rigar kaki, yara suna tsokanarsa yana sara musu. Sai yanzu nake jin kunyar abin.

Malam Na Gwale:
Amin. Jikan Soja abin da kakanka ya faɗa haka yake a rubuce. Runduna biyu ce daga Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, mutanen Najeriya da Gana (Gwalkwas a lokacin) da Saliyo da Gambiya. Ta 81 ta isa Indiya a 1943 ta shiga kwarin Kaladan, ta 82 ta biyo a 1944, suka haɗu suka karɓe garin Myohaung daga hannun Japanawa a Janairun 1945. Wata birget ta 'yan Najeriya ma an haɗa ta da dakarun Cindit masu shiga bayan abokan gaba. Kafin wannan kuma namu sun yi Somaliya da Habasha a 1941 suka kori Italiya. Da Hausa ake ba da oda a bariki, har hafsoshin Turawa sai sun koya. Ku duba sunayen barikokinmu ma, Cindit a Zariya, Kalapanzin a Kaduna, Arakan da Myohaung a Legas, duk daga can ne. Mutum yana wucewa kullum a adaidaita bai san sunan kogin da 'yan garinsu suka mutu a bakinsa yake karantawa ba.

Ɗan Fagge:
To namu na Kano fa Malam, Bukabu?

Malam Na Gwale:
Bukabu wani babin ne, gari ne a gabashin Kwango. Kwango ta samu 'yanci a Yunin 1960, rikici ya ɓarke, aka kashe Lumumba a Janairun 1961, Amurka da Rasha kowa na jan nasa. Sojojin Najeriya suka tafi ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1960 zuwa 1964, Ironsi har ya jagoranci rundunar gaba ɗaya a ƙarshe, Murtala ɗan Kurawa ma yayi Kwango yana ƙaramin hafsa. Yaƙin cacar baka kenan a bakin titin Katsina inda barikin yake.

Jikan Soja:
Abin da ke ɓata min rai shi ne sallamar da aka musu. Sun dawo 1946 an yi musu alkawarin aiki da kaza da kaza, ɗan abin da aka basu bai kama ƙafar na sojan Bature mai igiya ɗaya da su ba, alhali harsashi ɗaya ne. Kakana lambobin ƙirji ya dawo da su da ciwon ƙafa, ƙarshe dako ya koma yi a tasha. In ana bikin tunawa a Ingila a talabijin ka ga ana ta jera furanni, ban taɓa jin an ambaci Bakano ko ɗaya ba.

Injiniya:
Kaga maganata kenan ai. An kwashe su kamar kaya an kai su yaƙin da ba nasu ba an dawo an watsar. Ina juya duniyar a nan?

Ɗan Fagge:
Injiniya ni fa ban ce talaka ne ke mulkin duniya ba. Nace in kana son ganin abin da ya faru da gaske wajensa za ka duba. Littafi zai ce maka Ingila ta ci yaƙi, amma da me ta ci? Da kan wa aka ɗauki harsashin? Kuma mutumin da ya ga Bature yana kuka yana gudu a daji, ya ga Indiyawa suna zanga zangar korar Ingila da idonsa, kana ganin zai dawo ya ci gaba da faɗuwa ƙasa in ya ga Di'o kamar da? 1945 aka yi babban yajin aiki a Najeriya, 1947 Indiya ta samu 'yanci, 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a nan Kano. Ban ce sojan Burma ne suka kafa ta ba kar a min sharri, amma iskar lokacin ɗaya ce.

Bajasa:
Ku kuna ta Burma, ku tambayi mutanen Jos labarin diban gwamna. Da Japan ta kama Malaya da Singafo farkon 1942 Ingila ta rasa inda take samun kuza, sai ta juyo kan tsaunin Jos. Daga 1942 zuwa 1944 aka dinga ɗibo mutane dole daga lardunan Arewa ana kai su haƙar kuza, dubbai, a lokacin da ya kamata suna gona. Mutumin ƙasa mai zafi an kai shi sanyin Bukuru ba bargo ba isasshen abinci, da yawa ciwon ƙirji ya kashe su, wasu suka gudu da ƙafa. Su ba lambar ƙirji ba fansho ba bariki mai sunansu. Kakata tace ƙaninta haka ya tafi, ba gawa ba labari, har ta rasu in an ce baƙo yayi sallama daga Jos sai ta fito.

Hajiya Maman Biyu:
Innalillahi. Wannan ban taɓa ji ba wlh. Me ya sa ba a koya mana?

Malam Na Gwale:
Hajiya manhaja ce, kuma kin san akwai shekarun da aka cire tarihi ma gaba ɗaya daga ƙananan makarantu. Ƙarin abu ɗaya kan yaƙin nan, filin jirginmu. Jiragen sama na farko da suka zo Najeriya Kano suka nufo, 1925, daga Masar suka taso. Da yaƙi yayi zafi Bahar Rum ta zama haɗari, sai Ingila ta dinga kawo jiragen yaƙi a akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Gana, a harhaɗa su a can, su taso su bi ta Legas da Kano da Maiduguri da Fort Lami (Njamena a yanzu) da Khartum har Alƙahira. Dubban jirage suka bi ta kan rufin soron kakanninmu zuwa yaƙin hamada. Leburorin da suka share filin suka ɗauki duro duron mai ai 'yan garin nan ne da ƙauyukan kusa.

'Yar Jakara:
Maza kun cika son labarin yaƙi. Ni ku bari in muku na mata, kuma ba sai na koma 1940 ba. Gidanmu gurasa ake yi tun kakar mamana, ita kanta gurasar ai Larabawa suka zo da ita garin nan tun ana fatauci ta hamada. 2022 Rasha ta afka wa Yukren, mamana bata san inda Yukren take ba ko a taswira, amma cikin 'yan watanni ta san buhun fulawa ya tashi, saboda ƙasashen biyu kaso babba na alkamar da ake sayarwa a duniya daga wajensu yake fitowa. Sai ka rage girman gurasa mai saye yayi ƙorafi, ka ƙara kuɗi ya tafi, masu bandashe suna ta kuka. Mata nawa suka kashe tanderu a unguwarmu, wasu marayu suke riƙo da sana'ar nan. Har zanga zanga masu gurasa suka yi a farkon 2024. Toh in jikata ta zo rubuta tarihin yaƙin Yukren ai ta tanderu za ta fara.

Injiniya:
Anti da girmamawa, kar mu ɗora wa Putin komai. Alkama ta tashi a 2022 gaskiya ne amma ta sauko a kasuwar duniya daga baya, mu namu bai sauko ba. Abin da ya karya ku cire tallafin mai ne a Mayun 2023 da sakin naira da aka yi a Yuni. Wannan a Abuja aka yi shi ba a Mosko ba. Wannan ita ce matsalata da irin wannan tarihin, yana sa mu manta da namu masu laifin mu ce duniya ce.

'Yar Jakara:
Ƙanina ni ban wanke kowa ba. Duka biyun a kanmu suka sauka, ɗaya bayan ɗaya. Kuma me ya sa tun farko muke jiran alkamar wani? Ga Kadawa nan ana noma alkama da rani. Babangida ma ya taɓa hana shigo da ita a 1987, mamana tace lokacin har da garin masara aka dinga haɗawa, daga baya aka buɗe. Kowace gwamnati da nata, mu dai muna gaban wuta.

Ɗan Kwari:
Tunda an zo kasuwa bari mu masu kasuwa mu yi magana. Garin nan da tufa aka san shi tun kafin a san Manchesta. Bature Barth da ya zo 1851 da kansa ya rubuta yadda kayan saƙar Kano ke kaiwa har Tumbuktu da Tarabulus, ga marinar Ƙofar Mata ga baƙin Kura da Buzaye ke naɗawa. Aka zo zamanin masaƙun zamani, Bompai, Sharaɗa, Chalawa, babana a ɗaya daga ciki yayi aiki, in an tashi daga aiki kekuna kamar me a titi, kuma da albashinsa ya gina gidan da muke ciki ya kai mu makaranta. 1986 aka kawo SAP, tsarin tsuke bakin aljihu na Babangida, naira da take kafaɗa da kafaɗa da dala ta koma wajen huɗu a dala ɗaya cikin ƙanƙanin lokaci, kayan gyaran inji daga waje suke, wuta babu, baƙin mai tsada. Sai kuma Sin ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya a 2001, 2005 aka cire ƙa'idar adadin tufafin da ƙasa za ta fitar, atamfa mai araha ta dinga kwararowa ta Kwatano da Nijar. Masaƙa ɗaya bayan ɗaya aka sa kwaɗo. Babana ya ƙare da sayen babur yana acaɓa da furfurarsa, shi ma aka hana a 2013. Yanzu ni ɗansa me nake sayarwa a Kwari? Atamfar Sin. Har Gwanzu can Sin na je saro ta. Wani lokacin in na tuna sai in ji wani iri wlh.

Ɗan Fagge:
Wannan kaɗai ya isa littafi. Uba yana saƙawa ɗa yana shigo da abin da ya rufe masaƙar.

Ɗan Kwari:
Toh ya zan yi Yaya, in ban kawo ba wani zai kawo. Kuma gsky sai an faɗi ɗaya gefen, talakar da da sai da sallah take ɗinka atamfa yanzu tana iya yin anko sau uku a shekara. Ita bata ga laifin Sin ba.

Injiniya:
Har yanzu dai Sin bata hana mu gyara wuta ba. Bangaladash ma talakawa ne amma su suke ɗinka wa Turai riga.

Malam Na Gwale:
Injiniya a nan ina tare da kai rabi. Ku dubi yadda gyaɗa ta mutu, hannu uku ne a ciki. Na farko na Allah, farin 1972 zuwa 1974 da ya cinye Sahel, sai cutar gyaɗa ta 1975 ta ƙarasa. Na biyu na duniya, yaƙin Larabawa da Isra'ila na Oktoban 1973, Larabawa suka riƙe mai, ganga ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan 12, kuɗi ya yi wa gwamnatin Gowon yawa. Na uku namu, hukumar sayen amfanin gona, wadda asalinta tsarin lokacin yaƙi ne Turawa suka ƙirƙiro, ta daɗe tana biyan manomi ƙasa da kuɗin duniya tana riƙe rarar. An yi ayyuka da rarar ba a musu, amma daga aljihun manomi ta fita. Sai ga ƙarin albashin Udoji, ma'aikata suka karɓi ariyas a farkon 1975, kowa ya sayi babur da rediyo, ɗan ƙauye ya duba ya ga leburan gini a birni ya fi shi samu, ya ajiye fartanya ya taho. Unguwanni da yawa na bayan ganuwa lokacin suka cika. In ka tambayi dattijo a Kurna ko Rijiyar Lemo yaushe ya zo Kano, sau da yawa amsar tana tsakanin fari da Udoji.

Hajiya Maman Biyu:
Malam ka tuna min, mamana har yanzu in ta ga wani yana facaka sai tace ko Udoji aka ba shi hhh. Ni kuma namu labarin na hanya ne. Yayar kakata da mijinta da ƙafa suka tafi Makka, da jaki da 'ya'ya, ta Borno da Wadai da Darfur. Ba a yin ta a shekara ɗaya, sai a tsaya a yi noma ko ƙwadago a tara guzuri a ƙara gaba. Suka isa Sudan suka tarar da aikin auduga a Jazira suka tsaya tsinta, sun sauke farali daga baya amma basu dawo ba. Yanzu muna da dangi a can Hausarsu duk ta cakuɗe da Larabci, da muna gaisawa ta WhatsApp, tunda yaƙin nan ya tashi a Afrilun 2023 wasu mun daina jin ɗuriyarsu, wasu sun gudu. Kun tuna ɗalibanmu da aka kwaso a motoci suka yi kwanaki a bakin iyakar Masar? Ɗan maƙwabciyarmu na ciki, yana aji huɗu a likitanci, har yau karatun bai daidaita ba.

Malam Na Gwale:
Allah ya bayyana su Hajiya. Hanyar nan tsohuwa ce amma ta ƙara cika bayan 1903. Da Turawa suka ci Kano a Fabrairu suka ci Sakkwato a Maris, Sarkin Musulmi Attahiru yayi hijira gabas jama'a suka bi shi, manoma da malamai da mata, aka kashe shi a Burmi watan Yuli. Ɗansa ya ci gaba da sauran har bakin Shuɗin Nilu suka kafa garin Mai Wurno, yana nan har gobe. Aikin Jazira kuma 1925 aka buɗe shi bayan gina dam ɗin Sennar, kuma audugar ta masaƙun Ingila ce. Wato sun guje wa Bature a gida sun je sun tsinta masa auduga a Sudan, audugar da 'yan uwansu na Kano suka ƙi nomawa.

Bajasa:
Kar ku manta da Gana. 1969 Firayim Minista Busia ya ba baƙi sati biyu su fita, Hausawan zango da aka haifa a Kumasi basu taɓa ganin Najeriya ba aka loda su a mota. 1983 Shagari ya rama, ya kori 'yan Gana. Talaka dai shi ke ɗaure kaya a duka biyun.

Injiniya:
Toh naji duka kuma na ƙaru, musamman diban gwamna. Amma ina nan kan bakata a abu ɗaya. Labarin gida yana da daɗi amma kowa gyara nasa yake. Ba wanda zai zo nan yace kakansa shi ne dogarin da ya kama mutane aka kai Jos, ko shi ne akawun da ke danne sikeli a wajen awon gyaɗa, ko yana da bayi har bayan zuwan Turawa. Kowa kakansa wanda aka zalunta ne. Su waye suka yi zaluncin toh, aljanu?

'Yar Jakara:
Kai Injiniya baka da dama hhhh. Amma wlh ka faɗi gaskiya. Akwai gidajen da in ka tono asalin wata kaka za ka tarar ba da son ranta ta zo garin ba, kuma ba a son a faɗa.

Malam Na Gwale:
Wannan ita ce magana mafi nauyi da aka yi yau. Turawa sun hana cinikin bayi tun farkon zuwansu amma bautar kanta sai 1936 aka soke ta gaba ɗaya a dokar Arewa, kuma gandayen sarauta da na attajirai da suka noma gyaɗar farko ba 'ya'ya kaɗai ke aiki a ciki ba. Jikokin masu gandu da jikokin masu noman gandu duk suna cikin zauren nan na tabbata. Shi ya sa in za a tambayi tsofaffi ba gida ɗaya ake tambaya ba, kuma a tambayi mata daban, don abin da tsohuwa za ta faɗa maka a ɗaki ba za a faɗe shi a zaure ba.

Jikan Soja:
Malam tambaya, lambobin kakana suna wajen baffana da wata takarda da ta fara cinyewa, akwai lambarsa ta soja a jiki. A ina mutum zai bincika ya san bataliyar da yake?

Malam Na Gwale:
Fara ɗaukar hoton takardar gaba da baya yau ɗin nan kafin ta ƙarasa, kar a sa mata salatif. Sai ka gwada ofishin 'yan mazan jiya, in kuma ka shiga Kaduna akwai ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da Gidan Arewa. Turo min hoton ta inbos in duba, in an rubuta bataliya a jiki zan iya gaya maka ko ta 81 ce ko ta 82.

Ɗan Kwari:
Injiniya ni ban gama da kai ba kan Bangaladash. Ka san nawa ake biyan masu ɗinkin can? Ka tuna benen da ya rufta musu a 2013 ya kashe sama da mutum dubu? Bari in rufe shago in dawo, akwai kwastoma a gabana.